Tambayi Bakanike: Sitiyari Na Rawa In Na Taɓa Birki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya zafin Garwa? Ɗanka ne daga Domayo a Marwa. Ina da BMW 325i mai ƙofa biyu, ƙirar E36 ta 1994, wadda na saya a hannun kawuna. Inji lafiya lau, giya ma haka. Ƙafar gaba ce ta hana ni sakat. In na kai gudun 80 ko 90 na taɓa birki, sai sitiyari ya kama rawa a hannuna. In na faɗa rami sai in ji "gum" ta ɓangaren dama. Da safe kuma in ina juya sitiyari a tsaye don in fito daga gida, akwai wani ƙas-ƙas da ke fitowa daga sama, wajen bonet. Bakaniken farko ya ce shokozoba ne, in sayo biyu. Na biyu ya ce faifan birki ne ya lanƙwashe. Wani abokina ya ce in bari a yanka mini robar tayar babbar mota a cusa, ta fi ta kanti ƙarko, ko kuma in yi odar robobi masu taurin nan masu launi da ake sa wa motocin tsere. Kuɗina ba su da yawa Baba, kuma ina son motar nan. Ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Zafi sai godiya, Allah ya kawo mana damina lafiya. Ka riƙe kuɗinka a aljihu tukuna, kada ka sayi ko noti ɗaya sai ka gwada abin da zan gaya maka. Alamomin da ka lissafa wuri biyu suke nunawa, kuma mai yiwuwa ne shokozobanka ba ya cikinsu.

Bari in fara da yadda aka ɗaura ƙafar motar nan, don ka san abin da kake kallo in ka leƙa ƙarƙashi. A kowane gefe akwai wani ƙarfe mai siffar harafin L, shi ne tiriyangil. Wuri uku yake kamawa. Bakinsa na waje yana da rotil, wato mahaɗi mai ƙwallon ƙarfe da ke juyawa, da ke riƙe da ƙafar kanta, kusurwarsa tana da wani rotil ɗin da ke shiga ƙarfen da inji ke zaune a kai, wutsiyarsa ta baya kuma tana shigewa cikin wata kewayayyiyar roba mai faɗin milimita 60. Robar nan, wato silanbulok, tana zaune ne cikin zoben ƙarfe da aka ɗaure a jikin mota da kusoshi biyu. Duk lokacin da ka taka birki, hanya tana jan taya baya, kuma ƙarfin jan nan a kan robar yake ƙarewa. Haka in ka daki bakin rami. Ta asalin da kamfani ya sa tana da ramuka a jikinta don ta yi laushi, ta sha dukan a madadin ƙarfe. To ka duba shekarun motar, ka haɗa da zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40 a wajenmu, ka haɗa da hanyoyin da take bi. Roba ta bushe, ta tsage, tiriyangil ya samu wurin wasa, taya ta riƙa kai da komo gaba da baya. Abin da kake ji a hannunka ke nan.

Gwajin ba ya cin ko dala. Ka nemi fili mai shimfiɗa, ka ba wani ya ja motar a hankali, gudun tafiyar ƙafa, kai kuma ka tsaya a gefe kana kallon tayar gaba. Ya danna birki da ƙarfi lokaci guda. In ka ga taya ta yi tsalle baya a cikin ramin da take juyawa kafin motar ta tsaya, magana ta ƙare, robar ta mutu. Ka zaga ɗaya gefen ku sake. Bayan nan a ɗaga motar, a tokare ta da ƙafar ƙarfe ko kututture mai ƙwari, don ban yarda mutum ya sa kansa ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita ba. A sa dogon ƙarfe a ɗan banƙara wutsiyar tiriyangil, ka haska da tocila. 'Yan siraran tsage-tsage a fuskar roba tsufa ne kawai. Amma in ka ga ta rabu har haske na ratsawa, ko tsakiyarta ta saki ƙarfen, ta gama aiki. Sannan ka kama taya hannu biyu, dama da hagu, ka girgiza: in akwai wasa, a duba rotil ɗin sandar sitiyari. Ka kama sama da ƙasa ka girgiza: in akwai wasa, rotil ɗin tiriyangil ne ko boris ɗin ƙafa. "Gum" ɗin da kake ji a dama, a nan za ka kama shi.

Mai cewa faifan birki bai yi shirme ba. Faifan da bai daidaita ba yana sa rawa, sai dai shi za ka ji feda na bugun tafin ƙafarka. Sau da yawa ma abin biyu ne a haɗe: faifan yana da 'yar matsala ƙarama wadda lafiyayyar roba za ta shanye ba ka ji ba, matacciyar roba kuwa sai ta ninka ta. Don haka roba ake fara gyarawa, in rawar ta rage saura sai a koma kan faifai. Shi kuwa shokozoba, ka duba jikinsa. In ya jiƙe da mai, ƙura ta manne ta yi baƙi, ya tafi. In a bushe yake, kuma ka danna gaban motar ka saki ta taso ta tsaya ba ta ci gaba da lilo ba, zai iya ƙara kai ka wani lokaci.

Ƙas-ƙas ɗin safiya kuma daga wani wuri yake. Buɗe bonet, za ka ga tudu biyu na ƙarfe, ɗaya a kan kowace taya, kowanne da noti uku a kewaye da murfin roba a tsakiya. A ƙarƙashin tudun nan kan shokozoba yake, kuma abin da ya haɗa su shi ne kufel: faifan ƙarfe da roba, da boris a tsakiyarsa. A kan boris ɗin nan ƙafa gaba ɗayanta take juyawa in ka murɗa sitiyari. Yawancin motocin da ke shigowa garejina murfin nan ya daɗe da ɓata, ba wanda ya damu ya mayar. Ƙurar hunturu ta shiga, ruwan wanki ya bi ta, giris ya koma laka, boris ya fara cijewa. Ka ɗora tafin hannunka a kan tudun, wani ya juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe, za ka ji bugun a hannunka. Wata alamar kuma, in ka sha kwana sitiyari ba ya son komowa tsakiya da kansa.

Tun da hannunka yana wurin, ka duba tudun da kyau, don wannan ya fi damuna fiye da duk abin da ka lissafa. Ƙarfen wurin a E36 ba shi da kauri. In kufel ya mutu aka ci gaba da dukan ramuka da shi, saman tudun yakan kumburo sama. Ka ɗora rula ko wani miƙaƙƙen ƙarfe a kai. In ya yi tozo, ko kusoshin nan uku sun baje waje maimakon su tsaya a miƙe, ko fenti ya fashe a kewayen ramukan, to dukan ya riga ya isa jikin mota. In kumburi ne kawai, ana mayar da shi a hankali da katako da guduma. In ya tsage sai walda, kuma sai mai waldan da ya san aikin jikin mota. Akwai faifan ƙarfe na ƙarfafawa da ake sawa tsakanin kufel da tudun, BMW da kanta ta sa shi a M3, wato ƙirar E36 mai ƙarfin gudu, irin mai injin lita 3.2. Ba shi da tsada, kuma duk mai E36 da ke bin hanyar Marwa zuwa Mora ko ya gangaro mana Garwa, ina ba shi shawara ya sa.

Yanzu maganar abokinka. Na san masu yankan robar taya, akwai gwanaye a cikinsu, kuma sana'arsu ta fitar da mutane da yawa daga daji. In robar sandar da ke hana mota tangaɗi ce ta yage maka a hanya, a yanka a sa, ka iso gida, ba laifi. Amma a wutsiyar tiriyangil ban yarda ba. Robar kamfani a manne take da ƙarfenta, aikinta ta murɗe ta dawo. Wadda aka yanka aka cusa ba ta manne da komai, kuma ba za a taɓa samun ramin gefen dama da na hagu su zo daidai wuri ɗaya ba. Sai mota ta riƙa ja gefe, taya ta riƙa cinyewa ta ciki, kuma ranar da ka taka birkin gaggawa ba ka san inda ƙafar za ta nufa ba.

Masu launin nan kuwa, na foliyuretan, ba na jabu ba ne, an yi su ne don shimfiɗaɗɗen filin tsere inda ba rami ko ɗaya. Suna sa sitiyari ya yi kaifi, gaskiya ne. Amma dukan da roba ba ta sha ba ai ba ɓacewa yake yi ba, wucewa yake ya sauka a kan rotil, da kusoshin zobe, da tudun nan da na ce ka auna da rula. Roba ana sayenta a canza cikin yini ɗaya. Jikin mota in ya tsage, ko an yi walda ba ya komawa yadda yake. Ga shi kuma suna son giris a kai a kai, giris kuwa a ƙasarmu yashi yake tarawa, sai su kama kuka suna cin kansu. In kana son abin da ya fi na asali ƙarko, akwai hanya ta tsakiya: silanbulok ɗin M3, kusan roba ce zalla, kuma tana shiga zobenka daidai. Iri biyu ce. Ta M3 mai injin lita 3.0 raminta a gefe yake, tana canza tsayuwar ƙafa. Ta mai lita 3.2 raminta a tsakiya, ita za ka nema. Za ka ɗan ƙara jin hanya a hannunka, amma ba har ta cutar da motar ba.

Wajen saye, ka tafi da lambar shasi, bakwai ɗin ƙarshe sun isa mai kaya ya gane motarka. Ka kula kada a ba ka na E46, ƙirar da ta biyo bayan taka: kamarsu ɗaya a ido amma yawancin nata milimita 66 ne, ba zai shiga zobenka ba. Sunayen da aka sani a kayan ƙafar motocin Jamus su ne irin su Lemförder da Sachs da Febi da Meyle, sai dai masu jabu ma sun san sunayen, suna buga su a kwali. Ka ciro kayan ka riƙe a hannu. Na kirki yana da nauyi, lambarsa a jikin robar take ba a takarda kaɗai ba, gefunansa a share suke, kuma in ka danna farce ba ya barin shaida. In babu a Marwa ko Garwa, ana aikowa daga Camp Yabassi a Duwala, masu hulɗa da Kano kuma suna samowa a Ƙofar Ruwa. Kayan okaziyo fa, wato na hannu? Zobe na hannu ba laifi. Tiriyangil na hannu in a miƙe yake kuma rotil ɗinsa da ƙarfi, a lallaɓa. Amma roba da kufel na hannu, tsufansu ɗaya da waɗanda za ka cire, ba ka yi komai ba.

Komai biyu-biyu za ka saya, dama da hagu. Silanbulok biyu, kufel biyu da murafensu, robobin da sifirin ke zama a kai sama da ƙasa, da rigar da ke kare sandar shokozoba daga ƙura tare da ɗan soson da ke cikinta. In rotil ko ɗaya na wasa, ka sayi tiriyangil ɗin sukutum, yana zuwa da rotil biyunsa. Notocin rotil masu kulle kansu ne, sababbi ake sawa.

Ranar aiki ka zauna a garejin, kada ka ajiye mota ka tafi. Wuri biyu nake so idonka ya kasance.

Na farko wajen cire sifirin. Shokozoba da sifirin da kufel a haɗe suke fitowa, kuma sifirin ɗin a matse yake da ƙarfin da ke ɗauke da gaban mota. Babban notin tsakiya shi kaɗai ke riƙe da shi. Ba a taɓa notin nan sai an kama sifirin da abin matse shi na ƙarfe, gefe biyu, har ya saki kufel. Na ga masu ɗaure shi da waya ko igiya, na ga masu sa yaro ya taka da ƙafa a kwance noti. Sifirin in ya kuɓuce yana karya muƙamuƙi, yana cire yatsu, kuma yawanci yaran gareji ne abin ke samu, 'ya'yan mutane da aka kawo koyon sana'a. In garejin ba su da abin matsewa, ka ɗauki ƙafar a kai inda suke da shi. Kada kuma a kama sandar shokozoba mai sheƙin nan da filaya don a hana ta juyawa. Ƙarzuwa ɗaya ta isa ta yaga robar da ke tsare mai, wata biyu ka ga sabon shokozoba yana zuba. Akwai wurin kamawa a can samanta.

Na biyu wajen sa silanbulok. Da injin matsi ake tura shi cikin zobe, ba da guduma ba. In irin mai ramuka ne, akwai 'yar kibiya a jikinsa da za ta fuskanci alamar da ke jikin zoben, kuma zoben dama daban yake da na hagu. Wajen zura shi a wutsiyar tiriyangil, ruwan sabulu za a shafa. Ba giris, ba baƙin mai, don su ba sa bushewa, kuma suna cin roba. Daga nan aiki ya zama na hanzari: littafin gyaran motar ya ce cikin minti 30 a ɗaure komai a sauke ta ƙasa a kan tayoyinta, tun santsin bai bushe ba, don robar ta juya ta samu mazauninta da nauyin mota a kanta. Sai a bar ta a tsaye aƙalla wani rabin awa ba a motsa ta ba. In aka bar ta a sama aka tafi cin abinci, robar za ta kame a inda ƙafa ke rataye, ana saukewa ta murɗe, kuma a murɗen za ta zauna har ta yage. Saboda haka a shirya gefe biyun tukuna, zura robar ya zama aikin ƙarshe.

Notoci ukun nan na saman tudu ƙanana ne, awon ɗaurinsu wajen Nm 24 ne kawai. Yaro mai ƙarfi in ya sa dogon bututu a sifana zai tsinke su. In akwai sifana mai awo a yi amfani da ita.

Daga garejin kai tsaye sai wurin saitin ƙafa, ko da motar ta yi maka daɗi a hannu. A gaban E36 abu ɗaya kaɗai ake iya saitawa, wato yadda bakin tayoyin ke fuskantar juna. Kwanciyar taya ciki ko waje ba ta da abin juyawa. In na'ura ta nuna gefe ɗaya ya kauce da yawa, wani ƙarfe ne ya lanƙwashe ko tudun ne ya kumbura, a koma a nemo shi, kada wani ya ce zai faɗaɗa rami da fayil. In kuɗin ba za su kai duka a tashi ɗaya ba, ka fara da silanbulok da rotil, su ne masu riƙe da rai. Kufel zai iya jiran albashi na gaba in tudun bai fara kumbura ba, sai dai ka san za ka biya kuɗin saiti sau biyu. Ka rubuto mini abin da rular ta nuna.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Daga Njamena nake rubutowa. Toyota Celica gare ni ta shekarun 1990. Na canza robobin tiriyangil gaba ɗaya da sababbi, ko wata huɗu ba a yi ba sun tsage. Kayan ne jabu ko kuwa?

AMSA: Barka kadai Alhaji. Zai iya zama jabu, amma kafin mu ɗora wa mai kanti, ka tuna yadda aka ɗaure su. A motarka akwai robar da doguwar kusa ke ratsa tsakiyarta a kwance. Irin wannan, in aka ƙulle kusar tam alhali mota na sama ƙafa na rataye, an kashe robar tun ba ta taka ƙasa ba, dalilin da na gaya wa ɗana na Marwa. Ana ɗaura kusar ne sako-sako, a sauke mota, a ɗan tura ta gaba da baya ta zauna, sannan a shiga rami a ƙulle. Ka duba tsagar: in a karkace take tana bin kewayen ƙarfen tsakiya, murɗewa ce ta yaga ta.

Sai abu na biyu. Ka leƙa ko man inji ko man sitiyari na ɗiga a kan robar. In ta kumbura ta yi laushi tana baƙanta yatsa, mai ne ya ci ta, kuma ko ka sa ta asali haka za ta yi sai an toshe yoyon. Ka kuma hana masu wanki fesa gazuwal, wato man dizal, ko baƙin mai a ƙarƙashin mota. Suna yi ne da kyakkyawar niyya, don ƙara ya yi shiru kuma ƙasan ya yi sheƙi, amma duk robar da ke wurin suke kashewa. Ruwa da sabulu sun isa.

TAMBAYA: Baba ina wuni. 'Yarka ce daga Ngaundare. An canza wa motar maigidana kufel da roba na gefen hagu kaɗai, aka ce na dama da sauransa. Tun ranar take ja gefe in ya taka birki, ga shi muna shirin zuwa Garwa biki da yara.

AMSA: Lafiya lau 'yata, a gaida maigidan da yaran. Gefe ɗaya ya yi tauri, ɗayan yana nan da laushinsa, in an taka birki dole ƙafa ɗaya ta ja baya fiye da 'yar uwarta. A canza na daman, a auna iskar tayoyin gaba ta zo daidai, a kai ta saiti. In ta ci gaba da ja bayan haka, a buɗe birkin gaba a duba ko ɗaya yana kamewa. Ki gaya masa in ji ni, kada ya gangara dutsen Mbe da ku a cikin motar nan sai an gama wannan aikin an gwada ta a fili. In lokaci ya ƙure kafin bikin, ku bar ta a gida ku hau motar haya.